Hannun da Bai Kai Bakin Rumbu Ba

Mu huɗu ne a cikin wannan al'amari. Akwai mahaifina, maginin rumbun ƙasa, mazaunin Ruwan Gizo. Akwai ƙanensa, wanda nake kira Baffa, mai sayar da igiya da tabarmi a kasuwar Talata Mafara. Akwai yayarsu su biyun, Gwaggo, wadda ke aure a Bakura, kuma ita ce ta raine ni tun daga yaye. Na huɗun ni ne, ɗan farin mahaifina. Wannan matsayi nawa shi ya kamata a riƙe, domin duk abin da ya lalace ta nan ya lalace.

A gidanmu ana jin kunyar ɗan fari, kunya ta gaske. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Idan ambatona ya zama dole, sai ya ce mutumin Bakura. Ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. Idan na shigo zaure yana ciki, sai ya tuna da wani aiki da ya bari a bayan gida. Idan kuwa yana so in yi masa wani abu, sai ya juya wajen duk wanda ke kusa, Baffa ko maƙwabci, ya ce, "Da za a samu wanda zai kai awakin ga rahi, da an kyauta." Ni kuwa in tashi in kai su. Mahaifiyata ta fi shi tsanani a wannan fage, saboda haka ba za ta fito a labarin nan ba. Ko gaisuwata daga bayan ƙyaure take amsawa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Ranar da na kammala jami'a mahaifina ya yanka rago, ya shaida wa mutane cewa ragon ya ishe shi da ɓarna ne.

Ginin rumbun ƙasa aiki ne na hannu tsantsa. Ana jera duwatsu a ƙasa, a kwaɓa laka da ciyawa, a bar ta ta kwana biyar ko shida har ta yi danƙo, sannan magini ya riƙa ɗora zagaye ɗaya a yini, ya bar shi ya sha iska kafin ya ɗora na gaba. Rumbu yakan yi ciki, ya faɗaɗa, daga nan ya riƙa tsukewa har ya kai wuya, a fitar masa da baki, a kifa masa jinka. Daga inda cikin ya fara tsukewa har zuwa baki, hannun magini a sama da kansa yake wuni, yana ɗora laka, yana matsawa, yana shafewa. Shekara talatin da 'yan kai mahaifina ya yi a haka. Daga Garbadu har ƙauyukan Maradun, idan ka ga rumbun da wuyansa ya fita siriri ba tare da tsagewa ba, mutane za su gaya maka hannun wa ne.

A ranin da na dawo gida daga karatu, ya karɓi ginin rumbu uku a wani gida a Faru. Yakan tafi ranar Asabar a kan babur ɗin haya, ya dawo ranar Alhamis kafin la'asar, domin hanyar ba ta biyuwa idan rana ta yi sanyi. Ni ne na fara lura da ciwon, saboda wanda ba a yi wa magana ya fi kowa kallo. Na ga yana sa riga ta hannun dama tukuna, a hankali, sannan ya cusa kansa. Na ga a masallaci idan zai yi kabbara, hannun hagu ya kai kunne, na dama ya tsaya a ƙirji. Na ga ya daina ɗaukar buta da dama. Wata safiya ya miƙa hannu zai ɗauko hularsa daga kan ƙusa, sai ya tsaya cak, ya runtse ido, ya ciji leɓe, ya bar hular inda take.

Na tambayi Baffa. Ya ce sanyi ne, kuma an riga an ɗauki mataki. Matakin shi ne ƙwayoyin da masu talla ke sayarwa ranar kasuwa, ja da rawaya a ƙulle cikin leda, waɗanda mahaifina ke haɗiya uku-uku da safe ya hau aiki. Da suka daina yi masa, aka kira wanzami ya kafa masa ƙaho huɗu a kafaɗar. Jini ya fita baƙi, kowa ya ce ga mugun abin nan ya fito. Bayan kwana uku ciwon ya dawo yadda yake, har ya hana shi kwanciya a gefen dama.

Na hau mota na tafi Bakura na gaya wa Gwaggo. Ita kaɗai ce a duniya ke iya ba mahaifina umarni. Washegari ta iso Ruwan Gizo, ko ruwa ba ta sha ba ta tsaya a kansa.

"Ɗaga hannun ga in gani."

"Yaya, ai da sauƙi."

"Ban tambaye ka sauƙi ba. Ɗaga."

Ya ɗaga, hannun ya kai daidai kafaɗa, fuskarsa ta canza.

"To, madalla da sauƙi," in ji ta. "Gobe ka tahi asibiti. In ba ka tahi ba, ni da kaina zan goya ka, mutanen gari su yi kallo. Ba yau na hwara goyon ka ba."

Muka tafi wani asibiti a Talata Mafara mu uku: mahaifina a bayan babur ɗin Baffa, ni a bayan na haya, da tazara a tsakaninmu. Da aka kira shi, na tashi zan bi su, Baffa ya tare ni da hannu. Za a ce ya tuɓe riga, kuma ba zai tuɓe a gabana ba. Na zauna a benci. Bayan kamar rabin sa'a ƙofa ta buɗe, ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce likita yana son wanda ya iya karatu daga cikin dangi. Ina shiga, mahaifina yana fita, kowannenmu yana kallon bango daban. Baffa ya bi shi don ya taimaka masa da riga. Da haka bayanin ciwon kafaɗar mahaifina ya faɗo a kunnen mutum ɗaya tak, kuma mutumin da ba ya iya yi masa magana.

Likitan ya yi bayani mai kyau, ba ni da abin da zan zarge shi da shi. Ya zana mini kafaɗa a takarda. Ya ce tsakanin ƙashin saman kafaɗa da jijiyoyin da ke ɗaga hannu akwai wata 'yar jaka mai ɗan ruwa a ciki, aikinta kamar matashi ne, tana hana ƙashi ya gogi jijiya. Yawan aiki da hannu a sama ya sa jakar ta kumbura, kuma duk ɗagawar da aka yi, ƙashi yana matse ta. Ƙashi bai karye ba, bai goce ba. Ya ce ciwo ne da ke warkewa, idan an bi abu huɗu. Na farko, ya bar duk wani aiki da ke kai hannu sama da kafaɗa har mako shida, ko da ya ji zafin ya tafi. Na biyu, a riƙa ɗora masa ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, ko tsumman da aka jiƙa da ruwan randa, na kwata ɗin sa'a, sau uku a yini. Na uku, ya sha ƙwayoyin rage kumburi da aka rubuta masa, bayan ya ci abinci, ya kuma watsar da na kasuwa kafin su ci masa ciki. Na huɗu, kuma a nan likitan ya buga tebur da biro, kada a ɗaure hannun, kada a bar shi a zaune. Kullum ya sunkuya ya saki hannun ya riƙa lilo da shi a hankali, sannan ya fuskanci bango ya riƙa tafiya da yatsunsa suna hawa, har inda zafi ya fara, ya tsaya a nan.

"Kafaɗa ba ta son a manta da ita," in ji shi. "Idan aka ɗaure ta, za ta ƙage, kuma ƙagewar ta fi wannan ciwon wuyar magani. Ka fahimta?"

Na ce na fahimta. Na rubuta abubuwan nan huɗu da Hausa mai tsabta, na sa musu lamba.

Ranar Talata na sami Baffa a rumfarsa, yana warware igiya ga wani mai saye. Na jira har ya sallame shi, na durƙusa na gaishe shi, muka yi ta gaisuwa har ta ƙare, sannan na fito da takardata.

"To, malamin gida, karanto muna," in ji shi.

Na karanta na farko, ya gyaɗa kai. Na karanta na biyu, ya ajiye igiyar.

"Ƙanƙara? A kahwaɗar Yaya?"

"Haka likita ya ce, Baffa. Sanyi yana kwantar da kumburi."

"Mutumin da sanyi ya kama, shi za a ƙara ma sanyi? Kai, wanga karatu naku! In wuta ta kama rumhwar ga, sai ka zo da kananzir ke nan?"

Maƙwabcinsa mai sayar da fatanya ya yi dariya har da buga cinya. Na yi ƙoƙarin bayyana musu jakar ruwan. Baffa ya ce shekararsa hamsin yana ganin ana feɗe rago, bai taɓa ganin jaka a kafaɗa ba. Na wuce zuwa na uku, ya karɓa ba musu. Da na zo na huɗu, sai na tashi na gwada masa a jikin ginshiƙin rumfar, yatsuna suna hawa.

Baffa ya girgiza kai.

"Ni zan tahi in ce ma yayana, mai hurhura, uban gida, ya tsaya gaban bango shina hawa da yatsu kamar ƙadangare? Mata na kallo, ɗiya na kallo?"

"Baffa, shi ne mafi muhimmanci a cikin huɗun."

"To, tahi ka hwaɗa mishi da bakinka."

Ya san ba zan iya ba, shi ya sa ya faɗa. A yammacin ranar ya kai wa mahaifina saƙon likita, kuma saƙon da ya isa guda biyu ne: a sha magani, a huta.

Na gwada, wannan kam zan faɗa don kada a ce ban gwada ba. Washegari da hantsi na tsaya a ƙofar zaure na yi sallama. Mahaifina yana zaune a kan buzunsa. Ya amsa yana kallon tabarma, ya ce, "Mutanen Bakura sun kwana lahiya?" Na ce lafiya lau. Na durƙusa. Jimlar tana bakina, na shirya ta tun asuba, na san inda zan fara da inda zan tsaya. Ya jawo takalminsa, ya ce wa ƙofa bari ya duba ko an ba jaki ruwa. Na zauna ni kaɗai a zauren ina jin haushin harshena.

Sai na koma ga abin da na iya. Mahaifina ba ya karanta boko, amma yana karanta ajami. Na sami takarda mai kyau, na kwafe abubuwan nan huɗu da ajami, na yi musu wasali ɗaya bayan ɗaya don kada wata kalma ta rikice, na ajiye a kan buzunsa na danne da tasbaharsa. Da na dawo babu takardar, sai na ji sanyi a raina. Kwana uku ina leƙen bangon tsakar gida ko zan gan shi a gabansa. Ban gan shi ba. Daga baya na hango takardar a soke cikin azarar zaure, a naɗe yadda na naɗe ta. Ya gane hannun wanda ya rubuta, ya ji nauyin karantawa, ya kuma ji nauyin yarwa, sai ya adana ta a inda ruwa ba zai taɓa ta ba.

Ƙwayoyin asibiti suka yi aikinsu. A kwana na tara zafin ya kwanta, ya ɗauko hularsa daga kan ƙusa da hannun dama. A makon nan ne kuma gajimare ya fara taruwa a gabas da yamma, zafi ya tsananta, manoma suka fara sharar gona. Rumbunan Faru uku suna tsaye, duk sun kai inda ciki ke tsukewa, babu wanda aka fitar wa baki. Rumbun da ba a rufe ba, ruwan sama yana shiga cikinsa ya jiƙa shi daga ciki, ya zauna. Mahaifina ya san haka fiye da kowa. Ba wanda ya gaya masa cewa tafiyar zafi ba warkewa ba ce, kuma mako shida aka ce. Na roƙi Baffa ya tsayar da shi.

"Mutum ya ce ya warke, kai ka ce bai warke ba? Jikinka na ko nashi?"

Ranar Asabar mahaifina ya tafi Faru. Ranar Litinin da azahar maigidan Faru ya dawo da shi da kansa a kan babur, yana riƙe da gwiwar hannun dama da hannun hagu. Zagaye biyu ya ɗora a rumbu ɗaya. A na uku ya ɗaga curin laka sama, hannun ya sake, lakar ta faɗo masa a ka. Kafaɗar ta kumbura har ana ganin bambancinta ta cikin riga.

A wajen Baffa wannan ya tabbatar da cewa asibiti bai gano ciwon ba. Bai yi shawara da ni ba, kuma ba a shawara da ɗa a kan jikin ubansa. Ya ɗauke shi zuwa wajen wani maɗori a ƙasar Maradun, mutumin da ya yi suna wajen ɗora karaya, kuma na yarda ya cancanci sunan a kan karaya. Maɗorin ya taɓa, ya ce gocewa ce. Mutum biyu suka riƙe mahaifina, ya ja hannun har sau uku. Ya gasa wurin da ruwan zafi, ya shafa man shanu, ya naɗe hannun a jikin ƙirji da farin ƙyalle, ya ce kada a kwance sai bayan kwana arba'in.

Da na ga an shigo da shi a ɗaure, sai na ji kamar an buga tebur ɗin nan da biro a cikin kaina. Abu ɗaya da aka ce kada a yi, shi aka yi, kuma aka yi masa wa'adi. Na sake hawa mota zuwa Bakura. Na yi wa Gwaggo bayani tun daga jakar ruwa har zuwa ƙagewa. Ta saurare ni har na gama.

"Maɗorin ga shi ya ɗora ƙahwar mijina, ga shi nan shina tahiya har gona," in ji ta. "Kuma ba a kwance ɗaurin maɗori kahin ranarshi. In anka kwance, abu ya ɓaci, wa za a ce? Kai za a ce. Ka yi haƙuri, kwana arba'in kamar gobe na."

Ban yi haƙuri ba, amma na yi shiru, kuma a wajen kafaɗar duk ɗaya ne.

Maigidan Faru ya zo sau biyu. Ya nemi wasu magina su rufe masa rumbunan, duk suka ƙi. A sana'arsu ba a ɗora hannu a kan ginin wani yana raye sai da izininsa, domin kowane magini da irin kwaɓinsa da irin kaurin bangonsa, kuma idan rumbu ya tsage ba a san wanda za a kama ba. Ya roƙi mahaifina ya ba da izini. Mahaifina ya ƙirga kwanakin da suka rage, ya dubi sama, ya ce a rufa musu zana a jira shi. Wuyan rumbu shi ne sa hannun magini, ba zai bar wani ya sa masa ba. Aka rufa zana. Ruwan farko ya zo da iska a kwana na ashirin da shida, ya yaye zanar. Na biyu ya zo bayan kwana huɗu, ya wuni yana zuba. Wanda ya kawo labarin ya ce rumbunan sun zauna kamar tuwon da aka bari a ruwa. Mahaifina ya ce, "Innalillahi," ya tambayi ko duwatsun gindin suna nan.

Ranar arba'in aka kwance. Kumburin ya tafi, Baffa ya dube ni da murmushin wanda ya ci gardama. Sai aka ce mahaifina ya ɗaga. Hannun ya rabu da jiki kamar taki ɗaya, ya tsaya. Ba zafi ne ya tsayar da shi ba; tsayawa ya yi kamar ƙyauren da aka sa wa sakata. Damtsen ya rame. Bai iya kai loma baki da dama sai ya sunkuyar da kai, bai iya kai hannu aljihun gefe ba.

Muka koma asibiti, a jere irin na farko. Wannan karon da aka kira ni, likitan bai ba ni kujera ba.

"Ba kai na yi wa bayani ba? Ba a gabana ka rubuta ba? Kai da ka yi karatu, ka zuba ido aka ɗaure mutum kwana arba'in?"

Na ce ni ɗan fari ne. Ya dube ni yana jiran sauran bayanin. Babu saura. Ya girgiza kai, ya ce kafaɗar ta ƙage, za a yi masa allura a cikin gaɓar don a samu hanya, amma allura ba ta buɗe kafaɗa, motsi ne ke buɗe ta, kullum, wata da watanni. Ya ce a shekarunsa kada mu sa rai duka za ta dawo.

Gwaggo ta zo dubiya a makon. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, na zauna kusa da ita, na amayar da duk abin da ke cikina: Baffa ya zubar da rabin saƙo, maɗori ya ɗaure, takardata tana cikin azara, ga shi an sake ba ni saƙo kuma ba ni da bakin isarwa. Ba ta ɗago kai ba.

"Shi in shina son ka kai awaki rahi, takarda yaka rubuta maka?"

Ta zuba waken da ta tsince a ƙwarya, ta ci gaba.

"Shekara ashirin da biyar mutum na yi maka magana, ba ka lura da yadda yaka yi ba? Wa ya ce ka hwaɗa mishi? Hwaɗa mini, shina ji."

Ban taɓa jin haushin kaina irin na wannan rana ba. Hanyar tana nan tun kafin a haife ni, da ita aka raine ni, da ita ake aike na. Na tsallake ta na tafi neman ɗan aike da takarda da wasali.

Washegari da hantsi mahaifina yana zaune a inuwar ɗakinsa. Gwaggo ta jawo kujerarta ta zauna a tsakiyar gida. Na je gaban bangon da ke fuskantarsa, na ba shi baya, na ɗaga murya.

"Gwaggo, kin san abin da likitoci ke cewa a yi idan kafaɗa ta ƙage?"

"Ina zan sani, ni da ban yi boko ba? Gwada mini."

Na sunkuya na yi lilo da hannu sau ashirin, ina ƙirgawa. Na fuskanci bango na hau da yatsu. Na ce ana tsayawa inda zafi ya fara, ba a wuce shi, kuma ana yi safe da yamma. Na ce idan wurin ya yi zafi bayan an gama, tsumma da ruwan randa.

"Ruwan randa? Ba ya sa sanyi?"

"Ba ya sawa, Gwaggo."

"To, Allah shi ba masu ciwo lahiya. Sake yi, ban gani da kyau ba."

Na sake. A bayana ban ji motsin takalmi ba. Bai tashi duba jaki ba. Da na gama na fita gida na ba da wuri. Da yamma na dawo na ga wani ɗan layi na gawayi a jikin bangon, daidai tsayin ƙirjin mahaifina, inda yatsunsa suka tsaya.

Gwaggo ta yi mako biyu tana koyon gyaran kafaɗar da ba ta ciwo. Bayan ta koma Bakura, Baffa ya gaji kujerar, yana gunaguni, yana cewa shi dai bai ga jakar ba har yanzu. Layukan gawayi suka riƙa hawa, wani mako faɗin yatsa, wani mako babu ko kaɗan. Mahaifina magini ne, ya san zagaye ɗaya a yini, bai taɓa tsallake rana ba. Suka wuce kafaɗa a wata na huɗu, suka kai haɓa, suka kai kunne a wata na tara. A nan suka tsaya. Na ƙara wata uku ina dubawa, layin bai motsa ba. Yana kabbara da hannu biyu yanzu, yana cin tuwo da dama, yana sa rigarsa ba taimako. Bakin rumbu kuwa yana sama da kan magini da kamu biyu.

Da rani ya zagayo, maigidan Faru ya aiko yana tambaya ko za a sake ɗora masa a kan duwatsun nan. Ina zaune a ƙofar zaure lokacin da ɗan saƙon ya zo. Mahaifina ya juya wajen Baffa ya ce a gaya masa ya nemi maginin Garbadu, kwaɓinsa yana da kyau. Sannan, har yanzu yana kallon Baffa, ya ce, "Takardar ga da ke cikin azara, na karanta ta. Hannun mai rubutun ya yi kyau. Da an karanta ta da wuri."

Baffa bai amsa ba, domin ba da shi ake ba.

Rumbu uku. Kwana arba'in a ɗaure. Kamu biyu na tsayin hannu. Sana'ar shekara talatin da huɗu.